Ɓarawon da Ya Durƙusa

Ni na fara nuna Jailosi da yatsa. Gara in faɗi wannan da bakina tun yanzu, kafin wani ya riga ni.

Safiyar Juma'a ce, bakwai da 'yan mintoci, na shigo tsohon rumbun taba na unguwar Mbare a birnin Harare, inda mu goma sha ɗaya muke aikin zane da sassaƙa da ƙira. Jiya da yamma aka buɗe baje kolina, har lokacin kaina bai sauko daga yabon da na sha ba.

Aikin nawa ba irin wanda ake ratayewa a bango ba ne. Jar ƙasa na shimfiɗa a tsakiyar zaure, na kewaye ta da katakon da 'yan kallo ke takawa. A tsakiya duwatsun murhu uku, a kansu tsohuwar tukunyar ƙasa baƙa ƙirin da muciya a ciki. Daga sama majigi yana zubo hoton hannuwan wata mata tana tuƙa sadza, tuwon masara. In mutum ya matso, wata 'yar na'ura ta ji motsinsa, sai muryar mace ta fara waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a bakin murhu ba don kowa ya ji ba.

Duwatsu suna nan. Majigi yana nan, kwamfuta tana nan, lasifika huɗu suna nan. Tukunya da muciya babu.

Ihun da na yi ya tara mutane. Sisi Nyaradzo, mai zauren, ta shigo da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Dzikamai, ce mini wasa kake! Ƙarfe huɗu Baturen nan Mista Brandt zai zo ya sa hannu a cinikin aikinka. Dala dubu arba'in, Dzika! Me zan nuna masa? Duwatsu?"

An ɗauke wuta tun cikin dare, sai wajen bakwai aka dawo da ita, kyamarar tsaro ba ta ga komai ba. Ba a fasa ƙofa ba. Sai Tongai, mai ƙera dawaki da tsofaffin ƙarafa, ya nuna gefen ƙasar. Sawun takalmin roba ne guda biyu, manya, sun nutse sosai.

Kowa a rumbun ya san mai takalmin. Jailosi Mwale ne ke ƙera mana akwatunan da ake tura kaya waje, shi ke shara, shi ke riƙe da makulli, a ɗakin aikinsa na baya yake kwana. Ga shi nan tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, takalmin a ƙafarsa.

"Shi ne," na ce. "Wa ke da makulli in ba shi ba?"

Ban rufe baki ba Tongai ya kai masa mari. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya ya faɗi kan katako, leɓensa ya fashe.

"Ɗan Malawi! Mun ba ka wurin kwana, ka saka mana da sata? Ina ka kai ta?"

Jailosi ya ɗago kai. Ni ya kalla. Na kau da kai.

Aka tura shi ɗakin ajiye fenti aka datse. Sisi ta ce in huɗu ta yi babu tukunya, 'yan sanda za ta kira a gaban Bature, don ya san gidanta ba gidan wasa ba ne. Dukanmu mun san abin da wannan ke nufi. A Mbare aka haifi Jailosi, amma ubansa baƙo ne daga Malawi, har ya tsufa bai taɓa samun katin ɗan ƙasa ba. Irinsa in ya shiga hannu, fitowa sai an manta da shi.

*

Ƙarfe goma Sekuru Hlengani, wato Kaka Hlengani, ya shigo da kofinsa na ƙarfe. Shi ke gadin filin tsofaffin motoci da ke jikin katangarmu, kullum war haka tare suke shan shayi da Jailosi. Kafin ciwon gwiwa ya mayar da shi gadi, shekara talatin ya yi a dajin Chiredzi yana bin sawun giwaye da na masu harbinsu.

"Ina abokin shayina?"

Aka ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofin a kan taga.

"Wa ya taka ƙasar nan tun safe?"

"Babu," na ce. "Ni kaɗai ke shiga, kuma jiya bayan an watse na share ta sumul."

"To ku kashe wannan fitilar mai rawa. Ku rufe tagogi. Ƙofar gabas kaɗai za ku bar mini."

Tongai ya yi dariya. "Sekuru, nan birni ne fa. Ba kashin giwa za ka shinshina ba."

"Giwa ta fi ka sauƙin sha'ani, ɗana. Ita ba ta magana in ana aiki."

Da majigi ya mutu, hasken ƙofa ya kwanto a kan ƙasar. Sekuru ya kwanta rub da ciki a kan katako, ya ɗora kunci a ƙasa, yana kallon wajen hasken. Ya daɗe. Ya ja jiki ya koma wani gefen, ya sake kwanciya. Ya miƙa yatsa ya dangwali wani abu kusa da dutsen murhu, ya kai hanci.

"Me ka gani?" in ji Sisi.

"Na ga takalmin Jailosi."

"To ai shi ke nan!"

"Na ce na ga takalminsa, 'yata. Ban ce na ga ɓarawo ba. Wa ya bar zauren nan a ƙarshe jiya?"

Kowa ya juya ya kalli Tongai.

*

A ɗakin waldarsa Sekuru ya same shi, ni ina biye. Ba wanda bai san Tongai ya fi wata uku yana cewa aikina yaudara ce ba. Jiya ma, da ya ɗan sha, ya ce a gaban baƙi, "Ni in kwana ina ƙona ido da wuta, wani ya ɗauko tukunyar kakarsa ya zama gwani."

"Ɗaga ƙafarka," in ji Sekuru.

Tafin takalmin duk ƙunar walda ne.

"Wannan ƙunar na gan ta a ƙurar bayan teburin abinci. Ta shiga sau biyu, ta fita sau biyu. A fita ta biyu takunka ya gajarce, kamar mai rungume da abu."

Murna ta kama ni. Ina so ya zama Tongai ne. Allah Ya sani ina so.

"Ni? Tukunya? Me zan yi da ita, in dafa ƙusa?"

"To me ka rungumo?"

Tongai ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa. Sannan ya ɗaga wani buhu a ƙarƙashin tebur. Kwalaben giya biyar ne da tiren naman da baƙi suka rage.

"Ai zubarwa za a yi," ya ce. "Don Allah, Sekuru, kada Sisi ta ji."

"Ka iya marin tsoho a kan sata da naman mutane a cikinka," in ji Sekuru. Bai ɗaga murya ba. Tongai ya sunkuyar da kai.

*

Da aka buɗe ɗakin fenti, Jailosi yana zaune kan bokiti, leɓe ya kumbura.

"Sun taɓa ka, abokina."

"Kaɗan. Ka sha shayin?"

"Ya huce. Yaushe ka buɗe zaure?"

"Biyar da rabi, kamar kullum."

"Me ya kai ka cikin ƙasar yaron nan?"

Jailosi ya shafa leɓensa.

"Wa ka gani?"

"Na ga tsintsiyata."

"Jailosi, huɗu na yi 'yan sanda za su zo. Ka san ba ka da takarda."

"Na sani." Ya sake kallona, kallon nan na safe. "Amma akwai maganar da ba a bakina ya kamata a ji ta ba. In mai ita bai faɗa ba, ni wa?"

Na kau da kai. Na ce wa kaina tsoho ne kawai yake neman mafita.

*

Muka koma zaure mu biyu. Sekuru ya nuna 'yar na'urar da ke manne a jikin katako.

"Wannan abar, da aka ɗauke wuta ta mutu?"

"A'a, ita da lasifika batir gare su."

"Tana ƙirga?"

Ban taɓa tunanin dubawa ba. Na buɗe kwamfuta. Daga shida saura ashirin zuwa shida da minti ashirin da biyar na safiyar nan, waƙar ta tashi sau goma sha huɗu.

"Minti arba'in da biyar," in ji Sekuru. "Ka taɓa jin ɓarawon da ya zauna sauraron waƙa? Zo nan. Kwanta. Sa kuncinka inda na sa nawa."

Na kwanta. Da farko ƙasa kawai na gani. Sai inuwa ta fara fitar da su. A gaban murhu, ramuka biyu ne marasa zurfi, gefe da gefe, an ga saƙar zani a cikinsu. Bayansu 'yan yatsun ƙafa, babu takalmi. Na dama a miƙe. Na hagu ya karkace waje, kamar ƙafar da ta taɓa karyewa aka ɗora ta ba daidai ba.

Na san ƙafar nan. A kanta na koyi zama. Ina ɗan shekara shida amalanken shanu ya taka ta a hanyar Mutoko, garinmu.

"Ka gane wani abu?"

"A'a," na ce.

Ya ɗauko ɗan katin bayanin da ke bango ya miƙo mini. "Idona ba ya karatu. Me aka rubuta?"

Na karanta masa. An tsinci tukunyar a kufai. Ta wata mata ce da danginta suka ƙare kaf, ba wanda ya rage ya tuna sunanta.

"Allah sarki," ya ce. "Ba kowa?"

"Ba kowa."

Ya dube ni kamar yadda yake duban ƙasa. Sannan ya ɗauki sandarsa ya fita ta ƙofar baya, kansa a sunkuye, yana tafe a hankali gefen magudanar ruwa.

*

Ga abin da ban gaya wa kowa ba.

Tukunyar ta Amai ce, mahaifiyata. Muryar tata ce, hannuwan nata ne, na ɗauke su da waya shekara biyu kafin ta rasu. A wajenmu in mace ta mutu, kayan girkinta ba na mijinta ba ne, ba na 'ya'yanta ba ne. Na gidan ubanta ne. 'Yan uwanta ke zama su raba, sannan a ce ta koma gida. Ko cokali ba a taɓawa kafin nan. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Washegarin jana'iza na naɗe tukunyar a bargo na sa a bayan mota.

Katin kuwa, na fara rubuta gaskiya. Sisi ta karanta ta ce, "Uwa kowa na da ita, Dzika. Masu saye suna son abin da ya ɓace." Ba ta ce in yi ƙarya ba. Ni na yi.

Jiya, ana tsakiyar taro, ina riƙe da kofi ina yi wa Mista Brandt bayani, Jailosi ya zo ya raɗa mini cewa wata mata tana bakin ƙofa, ta ce ita Mainini Shupikai ce, ƙanwar uwata. Na leƙa. Ga ta da zani da ɗankwali, da jakar gyaɗa a ka, takalmin taya duk ƙura. Mista Brandt ya tambaye ni wace ce.

"Mai sayar da gyaɗa ce," na ce. Na juya ga Jailosi. "Sallame ta."

Na ɗauka ta bi motar yamma ta koma. Da safe da na nuna Jailosi, ban san ita ba ce, wannan gaskiya ne. Amma daga sha biyun rana na sani. Awa huɗu ina zagaya zaure da makullin ɗakin fenti a kan teburin Sisi, taku biyar daga hannuna. Na yi ta lissafi. In na yi shiru, tukunya ta tafi, amma sunana yana nan, har ma a tausaya mini. In na yi magana, duk wanda ya tafa mini jiya zai san wane ne ni. Sisi ta aiko mini da sadza da ganye, na ture kwanon gefe. Ta ce, "Kada ka damu, zai faɗa." Na gyaɗa kai.

*

Huɗu saura kwata Mista Brandt ya iso da jakarsa. Sisi ta tare shi da murmushin da bai kai ido ba. Kafin ta gama kame-kame Sekuru ya shigo, ƙafafun wandonsa duk laka.

"A tara mini kowa. A fito da Jailosi."

Muka jeru a kan katako, mu goma sha ɗaya da Bature. Sisi tana riƙe da waya, lambar 'yan sanda a kan fuskarta. Tana fassara wa Mista Brandt a kunne.

"Kun ga takalmi kun ce ɓarawo," in ji Sekuru. "To ku duba dunduniyar, ta nutse kamar mai ɗaga buhu. Tongai, tukunyar nan nauyinta nawa?"

"Yaro ma zai ɗauka."

"Ashe ba tukunya ya ɗaga ba. Mutum ya ɗaga. Wanda ƙafarsa ta sage don daɗewa a ƙasa." Ya nuna da sanda. "A nan aka tuɓe takalmi, ga ƙurar taya a kan katako. Aka shiga ba takalmi. Tongai, in ka je gaida manya, yaya kake yi?"

Tongai ya tsuguna a kan dunduniya, ya tafa hannu.

"Haka maza ke yi. Wannan gwiwa biyu ce a haɗe, da zani a kansu. Mace ce. Ta durƙusa minti arba'in da biyar. Ga garin taba nan ta zuba a gindin dutse, kun san wa ake zuba wa taba, magabatan da suka rasu." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Na bi ɓarayi shekara talatin. Na ga mai gudu, na ga mai rarrafe, na ga mai sa takalmi a juye. Ban taɓa ganin wanda ya gaida abu kafin ya sace shi ba. Ta bar majigi, ta bar kwamfuta. Wannan ba sata ta zo yi ba. Ɗaukar nata ta zo yi."

"Nata kamar yaya?" in ji Sisi. "Matar ba ta da kowa. Yana rubuce."

"Haka aka karanta mini." Sekuru ya zauna a kan akwati ya ɗora haɓa a kan sanda. "To in ba ta da kowa, ƙasa ta yi ƙarya ke nan, ni ma na tsufa. Jailosi ya buɗe ƙofa, wannan ba musu. Kira su, 'yata."

Ban zaci haka ba. Na ɗauka zai tona ni in huta. Ya ƙi. Ya bar mini abina.

Sisi ta dubi Jailosi, ta kira shi yadda muke kiran dattijo. "Mudhara, karo na ƙarshe. Wa ka buɗe wa?"

Jailosi ya sa hannu ya gyara maɓallin rigarsa, kamar mai shirin tafiya. Sisi ta danna. Na ji wayar tana ƙara, sau ɗaya, sau biyu. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as.

"Kashe, Sisi."

"Me?"

"Kashe wayar. Tukunyar uwata ce." Muryata ta fito kamar ta wani. "Sunanta Ndaizivei. Tana da ƙanne uku da yayye biyu, duk suna raye a Mutoko. Sato ta na yi kafin a raba kayanta. Wadda ta zo jiya ba mai gyaɗa ba ce, Mainini ce. In akwai ɓarawo a zauren nan, ga shi."

Sisi ta kashe wayar. Wata mai zane a bayana ta ce, "Kayan girkin uwa? Dzika, ba ka da tsoro?" Da ƙasar nan ta tsage da na shige na ja ta na rufa.

Sekuru ya tashi ya buɗe ƙofar baya.

*

A rumfar mai sadza ta bayan katanga ya sami Mainini, tana jiran motar Mutoko ta ƙarfe biyar. Sawun ƙafar hagu ya kai shi. Ba ta san an kama kowa ba sai da ya gaya mata, tun lokacin take son shigowa, shi ya ce ta dakata.

Ta shigo tana ɗingishi, tukunyar a goye a bayanta da zani kamar jariri. Ba ta kalle ni ba. Wajen Jailosi ta nufa, ta durƙusa, ta tafa hannu.

"Baba, ka ba ni tabarma, ka ba ni shayi, ka kwana a waje saboda ni. Ga abin da na jawo maka."

"Tashi, mama, tashi. Leɓe ne, zai warke."

Sai ta juyo.

"Ɗana."

"Mainini."

"Au, yau ka gane ni? Gyaɗar tana nan, in kana saye." Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. "Wata goma sha ɗaya kayan yayata suna ɗaure, an kasa rabawa saboda tukunya ɗaya. Ka san wa aka ce ta ɓoye ta? Ni. Ni da na yi jinyarta. Kawunka ya daina cin abincina. Sai ga jikar maƙwabta ta nuna mini hoto a waya, wai ɗanmu ya yi suna a Harare."

Na kasa ɗaga kai.

"Na zo in roƙe ka ne kawai. Da safe na ce wa bawan Allahn nan ya bar ni in gan ta, ko daga nesa. Ina matsowa sai ta fara waƙa." Nan muryarta ta karye. "Ba wanda ya gaya mini ka kulle muryarta a akwati. Duk na motsa in tashi, sai ta sake. Yaya zan tafi in bar ta tana yi wa baƙi waƙa a ɗakin taba?"

Mista Brandt ya taɓa hannun Sisi, ya yi magana da sauri, idonsa a kan ƙasar. Ya tsuguna yana ɗaukar ramukan nan biyu hoto. Na ga fuskar Sisi ta canja.

"Dzika," ta ce a hankali. "Ya ce a bar mata tukunyar. Ya ce aikin ya fi ƙarfi yanzu. Murhu babu tukunya, da sawun gwiwa, da labarin duka. Akwai maganin da ake fesawa ƙasa ta daskare yadda take. Zai ƙara a kan farashin."

Ba zan yi ƙarya ba, sai da zuciyata ta ɗaga. Har sunan da zan sa wa aikin ya zo mini. Wannan ma yana cikin abin da nake kunya.

Mainini ta dubi Sekuru. "Me Baturen yake so?"

"Gwiwarki yake so ya saya, mama."

Ta dubi gwiwoyinta, ta dube ni.

Tsintsiyar Jailosi tana nan inda ta faɗi tun safe. Na ɗauka. Na cire takalmi na shiga cikin ƙasar, waƙar ta tashi. Sisi ta ce, "Dzika, tsaya mu yi magana!" Mista Brandt ya miƙe yana ɗaga hannu biyu. Na ja tsintsiya a kan ramin dama, na ja a kan na hagu, na bi 'yan yatsun ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Garin tabar kaɗai na bari, wannan ba nawa ba ne. Sannan na miƙa hannu na zare batir. Amai ta yi shiru a tsakiyar baiti.

Na fito na tsuguna a gaban Jailosi, na tafa hannu.

"Mudhara, ni na nuna ka."

"Na gani. Ina wurin."

"Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona. Ya karɓi tsintsiyarsa ya duba bakinta.

"Wannan maganar ba ta yau ba ce," ya ce. "Shekara huɗu ina share maka ɗaki, ko riƙe tsintsiya ba ka iya ba. Tashi. Akwai akwatin da na ƙera wa tukunyar nan, da soso a ciki, an ce har Turai ba za ta fashe ba. Ina ga zai kai Mutoko."

Ya ɗauko shi, ya kankare adireshin da wuƙa. Mainini ta kwance goyonta ta kwantar a ciki da hannunta. Jailosi ya buga ƙusa huɗu. Tongai ya matso zai ɗauka, ta ce a'a.

"Wanda ya fito da ita shi zai mayar. A ka, ba a motarka ba. Kuma in mun isa, kai za ka yi wa kawunka bayani."

Na ɗora akwatin a ka. Daga rumbu zuwa tasha tafiyar minti ashirin ce ta tsakiyar kasuwa, ina sanye da rigar da na ɗinka don Turawa. Mainini tana gaba tana ɗingishi, ba ta waiwayo ko sau ɗaya ba. Muna fita na ji Sekuru a bayana yana cewa, "Jailosi, ɗora ruwa. Tun goma nake jiran shayin nan."